A Kore Su, To Su Kwana A Ina?

  

A wannan watan ina so mu ɗan leƙa ƙofar gida, mu taɓa wani al'amari da ake ta ja-in-ja a kansa a gidajen rediyo da majalisun maza, amma ba kasafai ake jin bakin mata a ciki ba, alhali kuwa ya shafe mu ƙwarai. Wato batun bayin Allah da suke kwana a waje a manyan biranenmu, da abin da ya kamata hukuma ta yi da su, da kuma inda ya dace kuɗin jama'a ya nufa.

Duk wadda ta taɓa fitowa da asuba a birnin Kano, ko don raka mai naƙuda asibiti ko don kama motar safe, ta san abin da nake nufi. Ƙarƙashin gadoji, gefen tasoshin mota, rumfunan kasuwa bayan an tashi, barandar shaguna da kangwaye, duk mutane ne kwance a kan kwali da buhu. A da idan aka ce mai kwana a titi, hankalin kowa kan tafi ga mai taɓin hankali ko almajiri. Yanzu har da tsofaffi, da mata masu goyo, da 'yan ci-rani masu tura baro, da yaran da ba a gaban kowane malami suke ba. Idan hunturu ya kama, sai ki ga sun haɗa wuta da leda da tsohuwar taya suna jin ɗumi, mu kuwa muna cikin ɗaki da bargo muna ƙorafin sanyi.

Ina koyar da ajin matan aure da yamma a wata Islamiyya, kuma a can na ji muhawarar da ta fi ta rediyo ma'ana. Muna darasin zakka ne, muka zo kan kashi takwas na mutanen da Suratut Tauba ta lissafa a aya ta 60, inda faƙirai da miskinai da matafiyin da guzurinsa ya yanke suke ciki. Sai wata Hajiya, dattijuwa mai sayar da atamfofi, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, ni dai ra'ayina a kwashe su daga gari. Ɗana an tare shi da wuƙa a ƙarƙashin gada da magariba, an ƙwace masa waya, da ƙyar ya sha. Sannan akwai waɗanda bara ta zame musu sana'a, wallahi wasu sun fi ni samu."

Wata matashiya da ba ta cika magana a aji ba ta ce, "Hajiya, Allah Ya huci zuciyarki, Ya kuma mayar masa da alheri. Amma a kwashe su a kai su ina? Yayata mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, kuɗin haya ya ƙare tana cikin takaba, mai gidan ya ba su notis. Ba don kawunmu ya share musu ɗakin zaure ba, da yanzu tana cikin waɗanda kike cewa a kwashe."

Kowacce a cikinsu gaskiya ta faɗa. Tsoron Hajiya ba na banza ba ne, domin ƙwacen waya da shaye-shaye sun addabi Kano, kuma Musulunci bai taɓa yarda mai lafiya ya mayar da roƙo sana'a ba. Amma tambayar matashiyar nan ita ce wadda hukumominmu suka daɗe suna tsallakewa, kuma muddin ba a amsa ta ba, duk kuɗin da aka kashe wajen kora, zuba ruwa ne a rariya.

Bari mu waiwayi abin da aka riga aka gwada, don kada a ce surutu kawai nake yi. A 2013 Jihar Kano ta yi dokar hana bara a kan tituna. A watan Yulin 2015, bayan tashin bam a Sabon Garin Zariya, gwamnatin Kaduna ta haramta bara da talla a titi, ta kuma bi da doka a 2016. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Kano ta sake sanar da hana almajirai bara. Bayan 'yan makonni, da cutar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, wannan jiha ta aika wa waccan, waccan ta aika wa wannan, har aka samu wasu yaran ɗauke da cutar bayan an sauke su. A watan Oktoban 2024 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya ba mabarata wa'adin su bar birnin ko a kama su. A farkon 2025 kuma Hukumar Hisba ta Kano ta fara bi cikin dare tana tattara yaran da ke kwana a tasoshi da kasuwanni, waɗanda aka ƙiyasta sun haura 5,000.

Ki dubi wannan jeri da kyau, 'yar'uwa. Da a ce kora tana magani, ai da ba a sake yin wata sanarwar ba bayan ta 2013. Abin da kan faru shi ne, a yi samame, a ɗauki hotuna, titi ya yi fes na sati biyu ko uku, daga nan sai mutanen su dawo, ko su koma wata gadar da ba a cika bi ba. Mota da mai da alawus ɗin ma'aikata da abincin waɗanda aka tsare duk kuɗin jama'a ne, kuma baɗi a sake kashe irinsu. Wanda aka mayar ƙauyensu, in dai abin da ya koro shi yana nan, ƙafarsa ce za ta sake kawo shi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

To me ke koro su? Ruwa dai ba ya tsami banza. Akwai rashin tsaro: rikicin Boko Haram ya tarwatsa miliyoyin mutane a Arewa maso Gabas, 'yan bindiga kuma sun tashi ƙauyuka da dama a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Matar da aka kashe mijinta aka ƙone rumbunsu, in aka ce ta koma garinsu, wane gari za ta koma? Akwai ambaliya, irin wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba matsuguni. Akwai tsadar rayuwa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga shi kuma al'adar hayarmu ita ce a biya kuɗin shekara guda a dunƙule, har da na dillali. Mai samun na yau da gobe, ina zai tara wannan? Sai kuma wanda ya fi kusa da mu, wato mutuwar aure da mutuwar miji. Ita kanta Hisba, lokacin da take tattara yaran nan, ta danganta da yawansu da rabuwar iyaye.

Yanzu mu zo ga batun kuɗi, inda gardamar ta fi zafi. Masu cewa a kora sukan kawo hujja biyu. Ta farko, gwamnati ba ta da kuɗin da za ta sama wa kowa ɗaki. Ta biyu, da zarar an ji Kano tana ba da wurin kwana, jama'a za su kwararo daga maƙwabtan jihohi har da ƙetare, nauyin ya fi ƙarfinta.

Game da hujja ta farko, ni dai abin da idona ya gani shi ne, duk abin da gwamnati ta sa a gaba takan samo masa kuɗi. Daga 2011 zuwa yau an gina gadojin sama da na ƙasa a Kano bila adadin, kowacce da biliyoyin naira. Ba na ƙin gada, ni ma ina bi ina jin daɗin raguwar cunkoso. Amma abin kunya ne a ce rufin da talaka ya samu daga wannan aiki shi ne ƙarƙashin gadar. An gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, sai dai gidaje ne na sayarwa ga masu hali, wasunsu ma sun yi shekaru ba kowa a ciki. Gwamnatin Tarayya a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, amma da yawansu sun lalace saboda ba a tanadi kuɗin ciyarwa da albashi da gyara ba. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata, aka ware wa shirin naira miliyan 854. Aikin alheri ne, Allah Ya ba da lada. Abin da ya nuna mana shi ne kuɗin yana samuwa idan an so. Matsalar ita ce mun fi son abin da za a yanke masa kyalle a buɗe a gani a talabijin, fiye da abin da ake biya wata-wata ba tare da kowa ya tafa ba.

Game da hujja ta biyu kuwa, ai jama'ar sun riga sun zo tun ba a ba su komai ba. Yunwa da tsoro ne suka kawo su. Kuma kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 41, ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. A sashe na 16 kuma ya sa samar da matsuguni mai kyau ga 'yan ƙasa a cikin manufofin da gwamnati za ta fuskanta, duk da cewa wannan babin ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Idan nauyin ya yi wa jiha ɗaya yawa, gwamnonin da suka iya haɗa kai a 2020 wajen mayar wa juna da yara, za su iya haɗa kai wajen raba ɗawainiyarsu.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke wannan muhawara. Ƙasashe masu arziki ma suna yinta, kuma akwai darasi a abin da ya same su. A Amurka, ƙidayar da gwamnati ta yi a watan Janairun 2024 ta samu mutum fiye da 770,000 ba su da matsuguni. Jihar Kalifoniya kaɗai ta kashe kimanin dala biliyan 24 cikin shekara biyar a kan matsalar, amma mai binciken kuɗi na jihar ya bayyana a 2024 cewa ba a riƙa bin diddigin ko kuɗin yana aiki ba. A watan Yunin shekarar ne kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta ba birane damar hukunta masu kwana a waje. Ita kuwa ƙasar Finlan wata hanya ta bi. Tun daga 2008 ta ɗauki tsarin fara bai wa mutum ɗaki nasa na zama, sannan a bi shi da magani da neman aiki da raba shi da shaye-shaye, bisa hujjar cewa wanda bai san inda zai kwana ba, ba zai iya riƙe magani ko sana'a ba. Marasa matsuguni a ƙasar sun ragu daga wajen 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa ƙasa da 4,000 a 2022. Ba na cewa Kano Finlan ce, arzikinmu da yawanmu ba ɗaya ba ne. Abin da na ɗauka shi ne abu biyu: kuɗi ba tare da bin diddigi ba asara ne, kuma ɗaki shi ne farkon gyara.

Mu Musulmi ma ba sai mun je Turai neman wannan darasi ba. Lokacin da Muhajirai suka baro Makka ba gida ba dukiya, Manzon Allah (SAW) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da mutanen Madina, suka shigar da su gidajensu. Waɗanda ba su da kowa kuma aka yi musu rumfa a jikin masallacinsa, su ne Ahlus Suffa. Ana ciyar da su, suna karatu, kuma daga cikinsu aka samu Abu Huraira (RA), wanda babu ɗalibar Islamiyyar da ba ta san sunansa ba. Imam Bukhari ya kawo labarin wata baiwar Allah baƙar fata da aka 'yanta, ta zo Madina ta musulunta ba ta da kowa, aka yi mata 'yar bukka a cikin masallaci, takan je wajen Nana A'isha (RA) su yi hira. A shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya koro mutanen ƙauye suka yi sansani a gefen Madina, Sayyidina Umar (RA) bai ce a mayar da su garuruwansu ba. Ya sa an ƙidaya su, an dafa musu abinci daga baitulmali, ya aika wa gwamnoninsa su turo agaji, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har aka samu sauƙi. Da ruwa ya sauka ne aka sallame su da guzuri.

Kakanninmu ma sun san wannan. Gidan Bahaushe na da ba ya rasa zaure, kuma zauren nan masaukin baƙo ne da almajiri da wanda dare ya yi wa. Unguwa kan san tsohuwar da ba ta da kowa, kowane gida da ranar da yake aika mata da kwano. Yau zauruka sun koma shaguna, gidaje sun koma katanga da get, masallatai kuma ana kulle su bayan isha'i saboda ɓarayi. Ban zargi kowa ba, zamani ne ya zo da tsoro. Amma tunda mun rufe wancan masaukin, dole a samar da madadinsa, kuma a nan ne kuɗin jama'a da zakka da waƙafi suke da aiki.

A ganina, abin da ya kamata mu nema daga hukuma bai fi ƙarfinta ba. Na farko, a ƙidaya mutanen nan a tantance su, domin ba matsalarsu ɗaya ba. Mai taɓin hankali asibiti yake buƙata, yaro makaranta da wanda zai riƙe shi, tsohuwa gidan gajiyayyu, ɗan ci-rani ɗakin kwana mai araha da banɗaki, mai laifi kuma kotu. Haɗa su a mota ɗaya zalunci ne ga mafi yawansu, kuma shi ke sa mai laifin ya ɓace a cikin taro. Na biyu, a fi ba da ƙarfi wajen hana mutum faɗawa titi tun farko. Biya wa bazawara mai marayu hayar ɗaki na shekara ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kamo 'ya'yanta a tasha bayan sun koyi shan ƙwaya. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma gidajen waƙafi na zawarawa da marayu aiki ne da ya dace da ita, idan masu hali suka ba ta amana ita kuma ta riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi. Na uku, duk wurin da aka buɗe a sa masa kuɗin abinci da ma'aikata a cikin kasafin kowace shekara, a kuma ware ɓangaren mata da mata masu kula da su. Bayan an yi waɗannan, sai dokar hana bara ta hau kan wanda aka ba mafita ya ƙi.

Sai dai, 'yan'uwana, kafin mu nuna gwamnati da yatsa, mu dubi cikin gidajenmu, don da yawa daga cikin masu kwana a waje daga wani gida aka fitar da su. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta kafin ta gama idda, ita ma ya hana ta fita. Mu kuwa a nan, da an miƙa takarda sai a kira mai a-daidaita-sahu, wani lokaci ma da tsakar dare. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'yanta bayan rabuwa, kuma ciyar da su da tufatar da su da wurin kwanansu suna wuyan uba. Nawa ne ke sauke wannan nauyi? Matar mamaci tana da haƙƙin yin takabarta ta wata huɗu da kwana goma a gidan mijinta, tana kuma da tumuninta a gado idan akwai 'ya'ya, amma sau nawa muka ga magada sun sa gida a kasuwa tun ba a share makoki ba?

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a irin waɗannan al'amura sau da yawa akwai hannun mace. Uwar miji ce kan ce ba za ta sake kwana a gidan ɗanta ba. Kishiya ce kan matsa wa ɗan mijinta da gori da horon yunwa har ya gwammace tasha. Matar wa ce kan ɗaure fuska idan ƙanwar miji ta dawo gida da yara, har ta tattara ta bar musu gidan ba ta san inda za ta ba. Wadda take cikin rufin asiri yau ta tuna cewa tsakaninta da waccan matar ta ƙarƙashin gada, wani lokaci numfashin mutum ɗaya ne ko takarda guda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai abin da kowaccenmu za ta iya. Idan ɗanki ko ƙaninki ya yi saki, ki tsaya kai da fata matar ta yi iddarta a ɗakinta, a kuma yanka wa yara abin da za a riƙa ba su. Idan Allah Ya hore muku gidan haya, ki roƙi maigida ya karɓi kuɗin wata-wata daga mai ƙaramin ƙarfi, ya kuma yi wa mai takaba jinkiri. Ƙungiyoyinmu na unguwa da na Islamiyya, da muke iya tara kuɗin anko da na walima cikin sati guda, za mu iya buɗe asusun haya don zawarawa da marayun layinmu, mu sanar da mai unguwa da limami duk gidan da muka ga notis ya isa. Kafin a tura yaro karatun allo wani gari, mu tambayi inda zai kwana da wanda zai ciyar da shi, in babu amsa ya yi karatunsa a gabanmu. Sannan mu ne muka fi kowa tsayuwa a layin zaɓe. Idan 'yan takara suka aiko da atamfa da sabulu, mu aika musu da tambaya: nawa kuka sa a kasafin kuɗi don waɗanda ba su da wurin kwana, kuma ina aka kai waɗanda aka kwashe bara?

Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da mu a ɗakunanmu lafiya, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawansu da tsoron ranar da za a tambaye su. Waɗanda suke kwana a waje kuma Allah Ya yaye musu, Ya sa mu zama sanadi. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu. Wassalamu alaikum.